Irinsu

Jikata Ladidi ta jingina wayarta jikin tulu,
ta ce, Kaka, ga wani tsohon fim marar launi,
zauna in fassara maka.
Wutar Kumo ta ɗauke tun la'asar.

Ɗakin shari'a ne a wata ƙasa mai nisa.
Fanka tana juya zafi, ba ta kore shi ba.
Baƙin mutum ɗaya a tsaye,
farare goma sha biyu a benci,
sun gama hukunci tun kafin su cire huluna.
Danginsa can sama a bene,
jere kamar tantabaru, ba a ba su baki ba.

Na ce ta tsayar.

Shekara ashirin da shida na riƙe biro a kotun yanki.
Na san wannan shirun.
Wata Laraba da damina
aka shigo da Sumana mai haƙar rijiya,
Bazabarme, Hausarsa tana ɗingishi,
laka ba ta gama bushewa a gwiwarsa ba.
Injin ban-ruwa ya ɓata a lambun Sarkin Noma.
Shaida na farko bai ga komai ba.
Na biyu ma haka.
Na uku ya gyara babbar riga, ya ce,
Ranka ya daɗe, irinsu ai an san su.

Kotu ta yi dariya.
Ni kuwa na rubuta.
Da hannun nan nawa da ake yabo,
har aya na ɗiga.

Wata tara aka ba shi.
Ya tambaye ni da ido ko ya ji daidai,
na duƙa ina neman murfin biro.

Bayan girbi aka ga injin a Kashere,
ƙanin mai lambu ne ya sayar.
Ba wanda ya sake buɗe fayil ɗin,
gara kaɗai ta karanta shi.

Ladidi ta ce, Kaka, saura lauyan fa,
yanzu zai miƙe, garin duka zai tsane shi.
Na ce, ashe su sun samu mai miƙewa.

Rijiyar bayan masallacinmu shi ya haƙa ta,
gaba goma sha ɗaya, ba ta taɓa ƙafewa ba.
Daga ita aka cika tulun nan ɗazu.

Ta miƙo min moɗa.
Na riƙe, ban sha ba.
Na ce, danna mu gani.