Ɗan canji a tashar Tawa

A teburin shayin Mantau aka ce
wai da za a ɗinke ƙasashen nan,
a kwance sarƙar Ƙwanni,
tuta ɗaya, kuɗi ɗaya.

Abarshi har ya ɗaure kaya da baki:
Sakkwato da hantsi, Ikko kafin Juma'a.
Wanda ya yi shekara tara Abijan
ba ko takarda,
me zai jira?

Ni kuwa na shafa aljihu.
Hagu sefa, dama naira.
Tsakaninsu nake noma,
ƴaƴa shida sun ci tuwo a ɗan tsagin nan.

In sun shafe layin, Allah sa alheri.
Sai in tambayi direba
inda wata iyakar ta rage,
in biya kuɗin mota.