Kwaɗon da Ba Ya Kuka

A Gadarif, riɗi ya fara buɗe baki a gona,
sai amai da gudawa ya riga lauje shiga unguwa.
Mutum goma sha ɗaya cikin kwana uku.
Na bi sawun jarka gida-gida,
sawun jaki, sawun taya,
duk suka ƙare a wuri guda:
rijiyar Kawu Ɗayyabu,
wanda ya sayar da tumaki biyu
ya biya mini kuɗin makarantar lafiya.

Na zo da takarda a hannu, kwaɗo a aljihu.
Ya ce, "Muzammilu, rijiya ta saba da kwaɗo,
amma ba irin naka da ba ya kuka ba."
Ban yi dariya ba. Shi ma bai yi ba.

Doka ba ta ce in datse in juya ba.
Ta ce in faɗi dalili, da baki da alƙalami,
in yanka rana, kwana goma sha huɗu,
ba "sai yadda hali ya yi" ba,
in kuma nuna masa ƙofar da zai kai ƙarata
in ya ga na zalunce shi.
Na karanta masa da Larabcin ofis,
na maimaita da Hausar da kakarmu ta ɗauko a ka
tun daga Haɗeja, a hanyar Makka da ba ta ƙarasa ba.

Wanda ya rufe rijiya, ƙishin unguwa na wuyansa.
Na zauna a bencin hukuma tun hantsi,
na ƙi tashi
sai da tankar ruwa ta tashi.

Wani mai faɗa a ji ya tare ni bayan Isha:
"Su waye suka kamu? Faɗa mini, ni kaɗai."
Na ce sunayen suna hannuna kamar ajiyar maraya.
Ya ce na yi girman kai.
Inna Tasalla ta daina aiko mini da kisra.
Yara masu jakin ruwa suka sa mini suna Ɗan Kwaɗo.

Ran kwana na biyar muka binne Rumasa'u,
shekararta shida.
Ita ba ta cikin kowace doka.

Muka yashe rijiyar, muka zuba magani,
muka toshe tsagar da masai ke yi mata raɗa.
Gwaji ya fito fes, sau biyu.
Mai rufewa shi ke da alhakin buɗewa,
don haka ban aiki kowa ba.

Kawu ya zura guga, ya jawo a hankali,
ya cika kwano, bai kai bakinsa ba.
Ya ce, "Kai ka sa hannu.
Kai za ka fara."

Na sha.
Yana kallon maƙogwarona
har na ga gindin kwanon.