Ɗan Aike

Zuwaira ta zo shagona bayan azahar,
ƙamshin soyayyar aya bai saki mayafinta ba.
Ta ce, "Harisu, kama mini suna a yanar gizo,
wanda Inna ta raɗa wa tirenta:
Aya Mai Zuma."

Na buga. An riga mu.
"Wa?"

Akwai wani magatakarda can wata ƙasa,
ba ya barci, ba ya cin goro,
kundinsa na riƙe da duk sunan da aka kama,
da ranar kamu, da ranar saki.
Ƙofarsa ta arba'in da uku ce,
amma masu layinmu sun yaɓe ta tun bara.
In na ƙwanƙwasa daga unguwar Zariya
amon hannuna kaɗai ke dawowa.

Sai na nemi ɗan aike,
wata na'ura a tsakani,
ban san ɗakin da take kwana ba.
Na raɗa mata tambayata,
ta shiga da ita ta ƙofar jama'a.
Can ba su san Maraɗi ce ta yi magana ba,
fuskar ɗan aike suka gani.

Zuwaira ta yi dariya: "Ashe nan ma da dillali!
Nawa ne la'adarsa?"
Na ce ko dala ba ya karɓa.
Ta ce, "To da kunne yake ci."
Ban musa ba.

Wuta ta ɗauke. Inji ya yi tari uku, ya tashi.
Amsa ta sauko layi-layi:
shekara shida da kamu,
sunan mai shi a rufe,
ƙasa kawai aka bari: Libiya.
Saura kwana sha tara wa'adi ya cika,
bana ba wanda ya sabunta.

Ta ƙirga shekarun da yatsu.
"Lawali ne. Wana.
Ranar da zai hau mota ya ce
sai ayar Inna ta zaga duniya.
Tun damina wayarsa ba ta shiga."

Fanka na juyawa.

"Sake aikensa," ta ce,
"ya tambayo mini ko yana lafiya."
Na ce tambaya ɗaya ya iya kaiwa.

Ta ajiye ƙullin aya kusa da allon bugu.
"In wa'adin ya cika, kar ka taɓa sunan.
Kullum da safe dai
ka tura yaron nan ya leƙa."