Numfashi Bakwai

Ba wanda ya ce in yi abin tarihi.
Cewa aka yi: Malam Shu'aibu,
rufe mana ƙarar benci idan ana sauya fage,
ɗan goge kaɗan kafin a ja labule.
A bayan katako muke zama,
ni da Gambo mai ƙwarya,
muna leƙen 'yan wasa ta hujin buhu.

Labarin wata mai koko ce a Aboabo
da ɗanta ya tafi haƙar zinariya, ko wasiƙa.
Lantana ke fitowa uwar.
A fage na uku takan ajiye ludayi,
ta dubi ƙofa,
ni kuma in ɗauke hannu daga goge,
in ƙirga numfashi bakwai.
Cikin na huɗu take cewa, "Wa ke nan?"
Ba kowa. Sai in ɗora.

Shekara goma sha tara kaset na cikin kwalla
tare da takardun gida,
har Kwadwo Frimpong ya zo,
yaro mai tabarau da takarda mai layi biyar-biyar.
Ya tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya,
ya ɗinke su baki da baki
yadda masaƙan Bonwire ke haɗa ƙyallaye su tashi zane.
Ya ce, "Baba, nan akwai rami, in cike da sarewa?"
Na ce bar shi.
Bai tambayi dalili ba, Allah ya yi masa albarka.

Daren Asabar, babban zaure a Kumasi.
Makaɗa arba'in cikin baƙar kwat,
ba tukunya, ba ƙofar kwali, ba Gambo.
Lantana kuwa tana Tafo tun azumin bara waccan.
Kiɗan da na yi don a ja benci,
yau dominsa ake danne tari.
Da daɗi, ba zan ɓoye ba,
kamar ka ga ɗanka cikin rigar da ba kai ka saya ba,
ta kuma yi masa kyau.

Sai mai sanda ya tsai da hannu a sama.
Ɗaya. Biyu.
Fanka kaɗai ke magana.
Uku.
Ban san bakina ya buɗe ba.

Matar da ke gefena, ba ta ma jin Hausa,
ta juya ta dubi ƙofa.