Ƙetaren Korama

Ran da Korama ta cinye hanya
na shimfiɗe Barira a amalanke.
Tabarma biyu, zane uku,
na ukun ya jiƙe tun ba mu kai gaɓa ba.
Sa ya tsaya, ya shinshina laka,
ya ƙi takawa.

Shekara guda tana ɓoye mini.
Takan yi wanki da jijjifi, can bayan rake,
inda ba idon kowa.
Da na gani, ta ce al'ada ce ta zo sallama.
Wace al'ada ke komowa
bayan damina shida da ɗaukewa?

An dafa sassaƙen marke, an jiƙa bagaruwa,
jar kanwa daga Gidimuni,
rubutu ƙwarya bakwai.
Inna Kandala ta ce basir ne ya juyo gaba,
wani ya ce sammu ta tsallake a mashaya.
Ni dai na yi shiru,
shirun da ke da saiwa.

Tun kaina na baƙi na tafi cin rani,
na dawo da rediyo, da turmin atamfa,
da fitsari mai yaji kamar barkono.
Ran kasuwar Mirya na sayi ƙwaya, ja da rawaya,
a tiren wani mai talla.
Na haɗiye shida, zafi ya kwanta,
na ce na warke.
Daren nan ta yi mini miyar tarwaɗa,
ta hura fitila tana murnar dawowa.

Samari shida suka ɗauke ta bisa ƙyaure,
ruwa har ƙirji,
ni a baya da ƙunshin kaya a ka.
Kabu-kabu ba ya ɗaukar na kwance.
Mun kwana gindin giginya
kafin motar rogo ta yarda da tsayawa.

A Damagaram ungozoma Furera ta fito,
ta tuɓe safar hannu, ta zaunar da ni a benci.
"Malam Ɗan Jimma, sankarar bakin mahaifa ce.
Irinta wata ƙwayar cuta ce da shimfiɗa ke rabawa.
Sau da yawa ba zafi, ba ƙaiƙayi.
Sai ta shekara goma, sha biyar, tana kwance."
Na ce na san irinta,
mukan tono ta da rani a busasshiyar laka:
gaiwa.

Na ce, ni ne?
Ta ce, "Wanda ka sha wa ƙwaya daban, wannan daban,
amma ƙofa ɗaya suke shigowa.
Ba ni da awon da ke nuna wane.
Da tun tana lafiya take zuwa,
auduga ce da ɗan ruwan tsami,
in farin tabo ya fito a ƙone shi,
ku kai gida kafin rana ta yi faɗuwa.
Yanzu sai Yamai."

Na sayar da san.
Na sayar da raken tun bai yi zaƙi ba.

Daren tafiya, a tsakar asibiti, tana cin dabino ɗaya-ɗaya,
na buɗe baki zan fara.
Ta ce, "Bari.
Na ga ragowar ja da rawayar nan a aljihunka
ran da zan wanke rigar cin rani.
Kunya ta hana ni tambaya, ta hana ka faɗa.
Ga abin da muka noma da ita.
Tasalla ta shiga sha ɗaya.
Furera ta ce akwai allura ta 'yan mata,
ka tambayi inda ake yi, ka kai ta da ƙafarka.
Ka ce wa Haɓsu da Uwani su zo a duba su,
ko ba sa jin komai.
Mazansu kuwa, kai ka san inda kuke zama."

Na sani. Gindin goribar bakin mashaya,
inda ake gyaran koma ana ba'a.
Gobe Juma'a, duk za su hallara.
Tun jiya nake juya kalmar farko a baki,
har yanzu ta ƙi fitowa.