Ƙararrawar Makarantarmu a Iloilo

Kakana Tiu Eng Hok ya ce
a saman rumbun shinkafa aka fara:
yara sha bakwai, benci huɗu,
malami ɗaya da ya sauko daga jirgin Amoy
da tari a ƙirji.

Masu shaguna suka yi karo-karo.
Mai busasshen kifi ya kawo allo,
mai ƙusa ya ba da kwanon rufi,
Dy Siok Ha mai gasa burodi ta sayi ƙararrawa.

Yaƙi ya zo, wuta ta lashe komai.
Ƙararrawar kaɗai aka tono cikin toka,
a tsage. Har yau da dusasshiyar murya take kira.

A zamanin mahaifiyata doka ta ce:
Sinanci awa biyu, kada ya wuce.
Sai suka riƙa haɗiyarsa da zafinsa
kamar abincin da za a ɗauke.

Bana 'yata Marivic na zama kusa da ɗan direban jifni.
Ya fi ta iya zana harafin ruwa.
Ta dawo gida tana kumbure-kumbure.
Na kai ta kabarin kaka, na ce kai masa ƙara.
Da Hiligainon ta kai.