An Zo Gonata

Shekara talatin da biyu ina haɗa shayi a bakin Kwari.
Na san bakin kowa:
mai son madara ta yi kauri, mai cewa a ƙara sukari,
mai sha yau ya biya ran Laraba.
Sai ga Zuwaira, autata,
mai yi wa 'yan Sin tafinta a rumfunan atamfa,
ta ce, "Baba, albashi ya shigo.
Yau kai za a zuba wa."

Muka tari a-daidaita-sahu zuwa Bompai,
ni da rigar Juma'a a ranar Talata.

Jajayen fitilu a rataye kamar tumatirin Kadawa.
Teburin zagayayye, tsakiyarsa na juyawa,
kwano ya zo gabanka da ƙafarsa,
in ka yi sanya ya wuce.
Na rage murya: "Wa ya yanka?"
Ba ta amsa ba, hannu ta ɗaga.
Wani ya fito daga madafa da farar hula,
gari har gwiwar hannu,
ya yi mini sallama har da wabarakatuhu.
Yunusa Ma, in ji shi.
Mahaucinsa ɗan Ƙofar Mazugal ne.
Ashe ma na san ubansa.

A gabanmu ya ja ƙulli,
ya ninka, ya ja, ya maka a kan katako,
ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu,
lissafi ya ɓace mini a wajen sittin,
taliya na fita daga tafinsa kamar zare daga mazari.

Aka ba ni tsinke biyu.
Ni da nake ɗaga kofi sama da kaina
in tsiyayo ban zubar da ɗigo ba,
wani ɗanwake mai ciki, cushe da nama da albasa,
ya kufce mini sau uku.
A na huɗu ya faɗa romo,
romo ya gaisa da rigar Juma'a.
Zuwaira ta cusa mayafi a baki.
Na wanke hannu, na sake bisimilla,
na koma ga yatsun da Allah ya ba ni.

Yajinsu ba ƙona harshe yake ba, kashe shi yake,
kamar ƙafar da aka daɗe a kanta wurin zaman makoki.

Sai shayi.
Nan na gyara zama, don an zo gonata.
Butar ƙasa da ba ta kai dunƙulen hannu ba,
kofuna kamar ɓawon ƙwai.
Matar Ma ta zuba ruwan zafi a kan ganye,
ta tsiyaye,
ta zubar.
Zubin farko!
Saura ƙiris in riƙe mata hannu.
"Wanka aka yi masa, Baba.
Tashinsa ake daga barci."

Ba madara, ba sukari,
ba citta, ba kanumfari.
Na kurɓa. Ɗaci-ɗaci.
Na dubi 'yata, na haɗiye don kunya.
Can sai zaƙi ya taso daga maƙogwaro,
irin wanda ruwa ke yi bayan goro.
Ta sake zubawa a kan ganyen nan dai, har sau biyar,
kowane zubi da tasa maganar.
Ni in zan maimaita ganye
baya nake juya wa 'yan dako.

Zuwaira ta kife takardar kuɗi, amma na riga na gani:
cinikina na kwana tara.
Ban yi magana ba har muka wuce Fagge.

Da asuba, kafin Sallau ya gama jera burodi,
na yaga ganyena na kwali,
na yi masa wanka,
na sha shi tsura.
"Maigida, likita ne ya hana?"
Na ce ya yi shiru, jira nake.

Na jira zaƙin.
Na jira.
Ilu mai kura ya ƙwanƙwasa benci:
"Mai kauri, Baba, da ƙwai biyu."
Na ajiye kofin inda ba zai huce da wuri ba,
na huda gwangwanin madara.